Sana'a Ba Ta Shiga Hannu A Mako Biyu

Kwanakin baya ina zaune gaban talabijin aka nuno wani bikin yaye matasa. An jera su reras cikin riguna iri ɗaya, kowa riƙe da takardar shaida, a gabansa ga akwatin kayan aiki, ko keken ɗinki, ko injin walda. Mai jawabi ya miƙe ya ce an koya wa dubban matasa sana'o'i cikin mako biyu, daga yau sun zama masu dogaro da kai. Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna, aka watse.

Da ban san abin da ke biyo bayan irin wannan biki ba, da ni ma na taya su murna. Amma na sani, domin ɗan ƙanwata ya taɓa tsayawa a irin wannan layi.

Kwas ɗin haɗa wutar sola ya yi. Bayan yaye su da 'yan kwanaki sai wutar gidana ta soma ɗaukewa da zarar rana ta faɗi. Na ce to ga dama ta samu, na kira shi. Ya zo da akwatinsa, kayan ciki ko ledarsu ba a ɓare ba. Ya durƙusa gaban batir, ya ciro mita, ya yi ta murɗa ta hagu da dama. Can ya ɗago kai, gumi na tsattsafo masa a goshi, ya ce: "Kawu, gaskiya ban san inda ake saita ta ba. Mun fi mu hamsin a ajin, mita biyu ce kacal. Malamin ne ke riƙewa ya nuna mana daga gaba."

Yaron nan ba rago ba ne, kuma kansa na ja. Ko fashin rana ɗaya bai yi ba. An dai ba shi takardar da ke cewa ya iya abin da ba a koya masa ba, kuma shi ya kwashi kunyar a gabana, wanda ya sa hannu a takardar kuwa yana can hankalinsa kwance. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ra'ayina shi ne wajibi ne gwamnati ta kashe kuɗi, kuɗi masu kauri, wajen koyar da sana'a. Ba na cikin masu cewa ta tsame hannunta. Sai dai kuɗin su bi horon da ke da tsawon da sana'ar ke bukata, wanda ake taɓa kayan aiki na gaske, wanda masu ɗaukar ma'aikata suka sa baki wajen tsara shi, sannan wani daban ne zai jarraba ɗalibin, ba wanda ya koyar da shi ba. Kuma a daina auna nasara da yawan waɗanda aka yaye. A auna ta da yawan waɗanda ke riƙe kansu da sana'ar bayan shekara guda.

"Kamfanin da ke neman ƙwararru ya horar da abinsa mana"

Wannan ce maganar da aka fi tare ni da ita, kuma a kunne tana da daɗi. Wanda zai ci moriyar ma'aikaci shi ya kamata ya biya kuɗin koya masa, ina ruwan baitulmali?

A duba mai gareji ɗaya. Ya ɗauki yaro bai san sifana ba. Shekara uku yaron na karya masa noti, yana ɓata masa kaya, yana cinye masa lokacin da zai yi aikin kuɗi. Ranar da hannunsa ya faɗa, sai maƙwabcin da bai kashe ko sisi ba ya ɗan ƙara masa albashi ya janye shi. Wa zai ga laifin yaron? Amma gobe in aka kawo wa mai garejin wani sabon yaro, sai ya yi tunani sau biyu.

Masanin tattalin arzikin nan ɗan Amurka, Gary Becker, ya fayyace wannan tun a shekarun 1960: kamfani ba ya son zuba kuɗi a ƙwarewar da ma'aikaci zai iya ɗauka ya kai wa wani. Shi kuma matashin ba shi da abin biya, banki kuwa ba ya karɓar "zan iya nan gaba" a matsayin jingina. Kowa na jiran wani ya fara. A nan giɓin yake buɗewa, ga masu neman aiki birjik, ga masu neman ma'aikata suna kuka, an rasa mai haɗa su.

Shi ya sa ƙasashe da dama suka ɗora wa kamfanoni wani ɗan haraji na horaswa, don wanda ya ƙi koyarwa ma ya biya nasa kason. Birazil ta kafa hukumar horas da ma'aikatan masana'antu mai suna SENAI a 1942, ana ɗaukar nauyinta da kaso 1 cikin 100 na albashin da masana'antu ke biya, kuma masu masana'antun ne ke tafiyar da ita. Najeriya ta kafa asusun horas da ma'aikata na ITF a 1971, Afirka ta Kudu ta yi dokar nata harajin a 1999, Birtaniya ta shigo da nata a 2017. Saboda haka batun ko gwamnati ta shiga ko kada ta shiga, ni a wurina an wuce wurin. Yadda za ta shiga ne abin magana.

Abin da bincike ya nuna ba daɗin ji

Mu masu goyon bayan horaswa dole mu haɗiye wata magana mai ɗaci. A 2017 wani masani a Bankin Duniya, David McKenzie, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu tasowa, irin waɗanda ake jefa ƙuri'a tsakanin masu nema, a horar da wasu a bar wasu, daga baya a kwatanta. Abin da ya fito shi ne, cikin mutum 100 da aka horar, biyu zuwa uku ne kawai suka samu aikin da ba za su samu ba in da ba a horar da su ba. Ga shi kuma shirye-shiryen sukan ci dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum.

Duk wanda ke son a ci gaba da kashe kuɗin jama'a a wannan fanni, bai kamata ya kawar da kai daga wannan adadi ba.

Ni dai ban karanta shi a matsayin cewa koyon sana'a ba shi da amfani ba. Na karanta shi a matsayin hukunci a kan salon da aka fi yi: a tara mutane a aji na ɗan lokaci, a koya musu abin da ya fi sauƙin koyarwa, a sallame su ba tare da an san wa zai ɗauke su ba.

Inda aka sauya salo, sakamako ya sauya. A birnin San Antonio na Amurka akwai shirin Project QUEST da aka fara a 1992. Su sukan fara ne da zuwa wurin masu ɗaukar ma'aikata, musamman asibitoci, su ji wane gurbi ne aka rasa mai cike shi. Sannan su ɗauki mutum su riƙe shi tsawon karatun, su taimaka masa da kuɗin makaranta da na zirga-zirga, su riƙa bibiyarsa. Da aka bi sawun mahalarta har shekara tara, an tarar suna ci gaba da samun kuɗin shiga sama da takwarorinsu da ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba. Shirin na da tsada, kuma ba ya yaye dubbai a tashi ɗaya.

Hannu na da nasa karatun

Na taɓa zama wurin wani dattijo mai walda ina jiran ya gama mini aiki. Na ce: "Baba, wata nawa yaro ke yi kafin ya iya?"

Ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce: "Riƙe sanda kam, yini ɗaya ya isa. Iyawa ce ba ta da rana."

Ya jawo ƙarafa biyu da aka haɗa, ɗaya aikinsa, ɗaya na sabon yaronsa. Ya kankare dattin saman da ɗan guduma. A idona duk ɗaya suke, layi ne baƙi a kan ƙarfe. Ya kafa na yaron a bakin teburi ya maka masa guduma sau biyu, sai ga shi ya ɓalle tas. Ya juyo mini da bakin ƙarfen ya ce: "Ka gani? Ɗorawa ya yi a sama, wutar ba ta ratsa ciki ba." Nasa kuwa ya yi ta dukansa har ƙarfen ya lanƙwashe, mahaɗin bai motsa ba.

Ya ce shi da kunne yake sanin wuta ta yi daidai, ko yana bayan shago in ya ji ƙarar sandar yaro ya san ya ɗaga hannu da yawa. Wannan ba abin da za a rubuta a allo ba ne. Sai mutum ya ƙona sanduna ba adadi, ya ɓata ƙarfe, an tsaya a kansa an ce sake.

Kuma ba wasa ba ne. Irin mahaɗin da ya ɓalle ɗin nan shi ake yi a matakalar bene, a ƙafar tankin ruwa, a jikin tirela. Mai haɗa waya da bai ƙware ba, gobara yake dasa wa mutane a cikin silin. Takardar shaidar da aka ba wanda bai iya ba tana iya cin rai.

A nan ne wani abu ke ba ni takaici a yawancin cibiyoyin horaswa na gwamnati. Ana sayen manyan injuna, domin sayen inji kwangila ce, ana iya yanka ƙyalle a kansa. Amma sandar walda, da waya, da katako, da yadi, da man inji, abubuwan da ɗalibi zai ɓata kullum kafin ya iya, su ne ake mantawa da su a kasafi. Sai ka shiga ɗaki ka ga inji lulluɓe da ƙura, ɗalibai na zaune a gefensa suna kwafar zanensa a littafi. Cibiyar da ba ta da kuɗin kayan ɓatawa, ba ta koyar da sana'a, ko da ginin ya kai hawa nawa.

"Ai wannan Jamus ce"

Duk wanda ya yi maganar koyon sana'a sai ya ambaci Jamus, kuma da dalili. A can ɗan koyo yakan sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a. Horon kan ɗauki shekara biyu zuwa uku da rabi. Kamfani ne ke biyansa alawus kowane wata, gwamnati ke ɗaukar nauyin makarantar. Akwai sana'o'i sama da 300 da doka ta amince da su, kowace da rubutaccen ma'aunin abin da dole mutum ya iya, kuma masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago da gwamnati ne ke zama tare su rubuta shi. Jarrabawar ƙarshe kuwa majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke shirya ta. Dokar da ta ɗinke wannan tsari tun 1969 take.

Sai a ce mini, ai wannan Jamus ce, ƙasa mai arziki da manyan masana'antu. Na yarda. Ƙungiyoyin masu sana'arsu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ginuwa, ba a kwafo irin wannan da takardar umarni. Ƙasashe da yawa sun gwada ɗauko tsarin ɗungurungum, bai zauna musu ba.

Amma a cire arzikin a gefe, a dubi ƙashin bayan abin. Akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi me za a koyar da kuma tsawon lokaci. Akwai ma'auni ɗaya, ta yadda kafintan da aka yaye a wannan gari da na wancan abu ɗaya suka iya. Akwai mai jarrabawa daga waje. Babu ɗaya cikin ukun nan da ke bukatar kamfanin ƙera motoci.

Hasali ma, a ƙasashe masu tasowa da dama, mafi yawan masu sana'ar hannu a gaban wani ubangida suka koya, ba a cibiyar gwamnati ba. Makarantar tana nan, tana aiki kullum, ba ta taɓa shiga kasafin kuɗi ba. Me zai hana gwamnati ta fara daga nan? Ta zaɓi ƙwararrun iyayen gida, ta sabunta musu ilimi, domin bakaniken da ya ƙware a tsohuwar mota yana bukatar sanin na'urar da ke karanta kwamfutar sabuwa. Ta biya su wani abu a kan kowane yaron da ya ci jarrabawa. Ta ware wa yaran rana ɗaya a mako su koyi lissafi, da karanta zane, da kiyaye haɗari, da yadda ake yi wa aiki kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai shago ya fi kowane jami'i sanin abin da abokan ciniki ke nema a bana.

Amma iyayen gida ma suna cutar yara

Gaskiya ne, kuma ba zan rufe ta ba. Akwai ubangidan da zai riƙe yaro shekara biyar yana aikensa, yana share masa shago, ya ɓoye masa asirin sana'ar don kada ya zama kishiya. Akwai kamfanin da zai kira ma'aikaci "ɗan koyo" don kawai ya biya shi rabin albashi. In gwamnati ta zuba kuɗi a nan ido rufe, ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago.

Wani bincike da aka yi a Yuganda, aka wallafa a 2020, ya gyara mini tunani a kan wannan. An raba matasa: wasu aka kai su makarantun sana'a na wata shida, wasu aka sa su a hannun masu shago na wata shida ana tallafa wa albashinsu. Duka ɓangarorin biyu sun amfana. Amma da tafiya ta yi nisa, waɗanda suka yi makaranta suka wuce gaba. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne suna da shaidar da wani mai ɗaukar aiki zai gani ya yarda, don haka in aiki ya ƙare a nan sai su samu a can. Wanda ya koya a shago kuwa, ubangidansa kaɗai ya san ya iya.

Ashe ke nan takardar shaida ba abar rainawa ba ce. Ita ce ke 'yantar da mai sana'a daga hannun mutum ɗaya. Wannan ne ma ya sa raba ta barkatai ya zama zalunci biyu: an yaudari wanda bai iya ba, an kuma zubar da darajar takardar wanda ya iya. Ranar da masu ɗaukar aiki suka gane cewa kowa ma na da ita, sai su daina dubawa.

A lura kuma, wata shida aka yi a Yuganda, kullum ana aiki da hannu. Ba mako biyu ba.

Game da kare ɗan koyo, ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da shawara mai lamba 208 kan ingantaccen koyon sana'a, wadda ta yi maganar rubutacciyar yarjejeniya, da biyan ɗan koyo, da iyakance sa'o'in aiki, da kare lafiyarsa. Aikin gwamnati ne ta tsaya a kan waɗannan, kuma wannan aiki ne da ba wanda zai iya yi sai ita.

Yadda ake biya shi ke haifar da abin da ake samu

In ka ce wa mai horaswa za ka biya shi a kan kowane kai da ya rubuta, kawuna zai kawo maka. Wannan ba halin wata ƙasa ɗaya ba ne.

Ingila ta fito da wani shiri a 2000 na bai wa kowane baligi tallafin yin kwas. Kafin ƙarshen 2001 an rufe shi, saboda 'yan damfara sun yi ta karɓar kuɗi da sunan mutanen da ba su koyi komai ba. Ostiraliya ta faɗaɗa bashin karatun sana'a a 2012, sai wasu makarantu masu zaman kansu suka riƙa bi gida-gida suna yaudarar talakawa da kyautar kwamfutar tafi-da-gidanka don su sa hannu a kwas ɗin da ba za su taɓa gamawa ba. A ƙarshen 2016 aka soke tsarin, bayan an bar mutane da bashi a wuya. Indiya ta ƙaddamar da gagarumin shirinta a 2015 da burin horar da mutum miliyan 400 kafin 2022, kuma kwamitin da gwamnatin ta kafa da kanta ya soki yadda aka bi adadi aka bar inganci.

Ko harajin Birtaniya na 2017 bai tsira ba. Ana karɓar rabin kaso ɗaya cikin 100 daga kamfanonin da albashin da suke biya ya haura fam miliyan 3 a shekara. A shekarar farko yawan sabbin 'yan koyo a Ingila ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wasu kamfanoni kuma suka juya kuɗin zuwa biya wa manajojinsu karatun digiri na biyu. A lokacin doka ba ta hana ba, amma ba don su aka yi ba.

In ƙasashen da ke da ƙwararrun masu binciken kuɗi sun faɗa wannan rami, kowa ma sai ya shafa wa gemunsa ruwa.

Abin da nake gani shi ne a raba kuɗin mai horaswa. A ba shi wani kaso da farko don ya sayi kayan aiki, wani kaso in ɗalibi ya ci jarrabawar waje, kaso na ƙarshe kuma sai an tabbatar ɗalibin na aiki bayan wata shida ko shekara. Na san wannan ma na da tasa illar: mai horaswa zai riƙa zaɓen waɗanda dama za su samu aiki, ya guje wa mai rauni. Maganinta a ƙara masa kuɗi a kan wanda ya fi wahalar horarwa, kamar wanda bai gama makaranta ba ko mai bukata ta musamman. Kuma kada a bar shi ya kawo rahoton kansa. Yau kusan kowa na da waya, a sa wasu daban su kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya.

Horaswa ba ta ƙirƙirar aiki

Wannan ƙorafi ne da nake girmamawa fiye da sauran. In tattalin arziki ba ya buɗe guraben aiki, ko shekara goma aka yi ana horaswa, an dai ƙara wa layin jira ilimi ne. Ka koya wa mutum dubu ɗinki a inda teloli suka riga suka yi yawa, ka raba musu kekuna, abin da ka yi shi ne ka rage wa tsofaffin teloli ciniki, sababbin kuma su sayar da kekunan. Kada a zarge su. Wanda ba shi da shago, ba shi da abokin ciniki, ga bukata ta taso, me zai yi da keke?

Sannan ba duk kukan "babu ƙwararru" ne gaskiya ba. Wani mai kamfanin ƙwararre yake so a farashin ɗan koyo. In ya rasa sai ya ce akwai giɓin ƙwarewa, alhali giɓin albashi ne. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa: sana'ar da ake ƙarancin masu ita da gaske, ladanta tashi yake yi, kuma za ka ga ana ɗauko masu yin ta daga nesa. Inda aka ga haka, a zuba kuɗin horaswa. Inda ba a gani ba, a tambayi mai kukan ko zai sa hannu cewa zai ɗauki mutum kaza in an horar da su. Amsarsa za ta nuna gaskiyar kukan.

Saboda haka kafin a buɗe aji, a fara da tambayar wa zai ɗauka. Gwamnati da kanta babbar mai ba da aiki ce. In za ta gina asibiti ko ta shimfiɗa layin dogo ko ta kafa tashar wuta, tana iya sa wa ɗan kwangila sharaɗin ɗaukar 'yan koyo tun daga tushe har rufi.

Ɗan wa za a tura?

Akwai abin da ba mu cika faɗa ba. Da yawa daga masu yabon sana'ar hannu a bainar jama'a, nasu 'ya'yan jami'a suke turawa. Ban ga laifinsu ba. Uba na gudun hanyar da in ɗansa ya shiga ba ta ɓullewa ko'ina.

Wa'azi ba ya gyara wannan, tsari ne ke gyarawa. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa hanyar koyon sana'a suke bi bayan karatun dole, kuma wanda ya so yana da ƙofar wucewa zuwa babbar makaranta daga nan. Singafo ta kafa cibiyar koyar da sana'o'i ta ITE a 1992 a lokacin da ake kallon makarantar sana'a a matsayin matattarar waɗanda suka faɗi jarrabawa, ta zuba mata kuɗi da kayan aiki na zamani har kallon ya soma sauyawa. Iyaye na ganin inda gwamnati ke kai kuɗinta da kuma inda yaran ke ƙarewa, da wannan suke yanke shawara.

Malamai ma haka. Ƙwararren mai haɗa wuta ba zai bar aikin da ke kawo masa kuɗi ya zo ya koyar a kan albashin da bai kai rabin abin da yake samu ba. In ba a biya shi da kyau ba, wanda zai tsaya gaban aji shi ne wanda ya karanta sana'ar a littafi, kamar dai malamin da ya riƙe mita yana nuna wa mutum hamsin daga nesa.

Sai kuma ɗan ƙaramin abin da ke kayar da talaka: kuɗin zuwa da dawowa, da abin da zai riƙe kansa a watannin da ba ya samun komai. Kolombiya ta gane wannan a shirinta na matasa na farkon shekarun 2000, inda ake wata uku a aji, wata uku a wurin aiki. Ana ba kowa ɗan alawus na kullum, mata masu ƙananan yara kuma ana ƙara musu. Matan ne suka fi cin moriyar shirin. Dogon horo ba tare da alawus ba, 'ya'yan masu hali kawai zai tace ya bari.

Na ga wannan da idona. Bayan abin da ya faru a gidana, na kai ɗan ƙanwata wurin wani mai haɗa sola da ya daɗe a harkar, na roƙe shi ya riƙe shi. Ni nake ba shi kuɗin mota, uwarsa na ƙara masa da abin da ya sawwaƙa. Da babu mu, da tuni ya bari, domin watannin farko ɗaukar tsani da jan waya kawai yake yi, ba a ba shi komai.

Wata takwas bayan nan ya zo gaishe ni, wutar ta sake yin halinta. Bai ce komai ba ya buɗe akwatin nan, wanda yanzu duk ya ƙoƙe, hannun filayar an naɗe shi da salatif. Ya saita mita ba tare da ya kalle ta ba, ya auna batiran ɗaya bayan ɗaya, ya sa yatsa a kan wani kan waya ya ce: "Kawu, ga shi nan, ya saki ne yana ɗaukar zafi. Amma wannan batirin na biyu ma ya kusa, ku fara shiri." Ya kankare, ya ɗaure, wuta ta zauna. Na ce to yanzu ka iya ke nan. Ya girgiza kai ya ce maigidansa ya ce da saura, bai fara barinsa ya yi lissafin yawan wutar da gida zai ja shi kaɗai ba.

Na tambaye shi labarin 'yan ajinsu na kwas ɗin mako biyu. Ya ce mutum uku ya sani suna taɓa aikin, su ma don sun samu wanda suka maƙale wa ne. Da yawa sun sayar da akwatunan. Na ce daga inda aka horar da ku fa, an taɓa kiran ka a ji ko kana aiki? Ya ce sun karɓi lambar wayar kowa ranar rajista, amma har yau ba wanda ya kira.